Cuta Biyu, Likita Ɗaya

Akwai wata matsala da iyalan masu taɓin hankali ke fama da ita a ɓoye, wadda ya kamata a fito da ita fili. Mutum yana shan maganin sikizofireniya, watau cutar da ke sa mai ita jin muryoyi da zargin mutane ba dalili. Muryoyin sun lafa, sai kuma a ga ya kama maimaita alwala sau goma, ko yawan komawa duba ƙofa har dare ya raba. Wannan shi ne ciwon waswasi, kuma binciken likitoci ya nuna kusan ɗaya cikin takwas na masu sikizofireniya suna ɗauke da shi.

Abin lura shi ne, wani lokaci maganin ne da kansa ke tayar da waswasin. Clozapine, wanda akan ba majinyacin da sauran magunguna suka kasa yi wa aiki, shi ya fi yin suna a wannan fanni. Amma fa daina shi farat ɗaya kan dawo da muryoyin da ƙarfi.

Waswasi yana da nasa magungunan, irin su sertraline da fluvoxamine, waɗanda kan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu. To, a nan haɗarin yake. Fluvoxamine yana hana hanta sarrafa clozapine, sai ya taru a jini ninkin-ba-ninkin, har ya iya jawo farfaɗiya. Garin gyaran gira sai a rasa ido. Likitan da ya san dukan abin da majinyaci ke sha shi ne zai iya rage clozapine a hankali, ko ya zaɓi sertraline, ko ya ƙara aripiprazole.

Saboda haka lalle ne magungunan cututtukan biyu su fito daga hannun likita ɗaya. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri su mayar da tambayar waswasi al'ada a kowane zuwan majinyaci. Hukuma ta tsananta wa masu kemis da ke sayar da waɗannan ƙwayoyi ba tare da takardar likita ba. Su kuma iyali, maimakon tsawa da gori, su kai labarin alwalar nan asibiti, domin likita ba ya gida lokacin da ake yin ta.