Ina kuɗin tashar Duwala? A buɗe littafi mu gani!

Ɗan'uwa mai zaɓe na Garwa, Marwa, Kusiri da sauran garuruwan bakin iyaka,

Kar wani ya ce maka maganar jiragen ruwa ta mutanen kudu ce. Buhun shinkafar da ke shagonka a tashar Duwala aka sauke shi. Daga can ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sannan babbar mota ta kawo maka. Duk sefa ɗaya da aka ci a tashar nan, kai ka biya ta a kasuwa.

Ƙasar nan ta taɓa mallakar kamfaninta na jiragen ruwa, Camship. A 1997 aka sayar da shi. Wa ya zo garinku ya karanta muku nawa aka sayar, bashin nawa ya bari, wa aka yafe wa? Tsohon shugaban tashar Duwala, Alphonse Siyam Siwe, an kama shi a 2006, kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 30 a 2007 kan wawure dukiyar jama'a. An yi ta yayata ɗaurin a rediyo. To, kuɗin fa? Ɗauri ba ya cika baitulmali. Nawa ya dawo, nawa aka ja wa layi aka ce ya bi ruwa?

Za su ce ai akwai masu bincike. Gaskiya ne, akwai. Amma dubi inda suke zaune. Ofishin binciken kuɗin gwamnati, wanda ake kira CONSUPE, ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa yake. Fadar ce ke naɗa shugaban tasha, ita ke naɗa mai bincikensa, kuma gare ta rahoto ke komawa. Ko adashen mata na unguwa ba a yi masa haka: uwar adashe ba ta ƙirga kuɗi ita kaɗai a ɗaki ta fito ta ce sun cika.

Sannan ga dokar 2011 da ta kafa kotun musamman ta masu satar miliyan 50 zuwa sama. Dokar ta ce wanda ya mayar da abin da ake tuhumarsa a kai, ana iya dakatar da shari'arsa idan ministan shari'a ya sa hannu. Ka ji fa! Kai da ɗan duwan ya tsare ka a kan hanyar Mora saboda katan biyu na sabulu, wane minista ya taɓa sa maka hannu?

Sashe na 66 na tsarin mulkin 1996 ya wajabta wa manya su bayyana dukiyarsu ranar shiga ofis da ranar fita. Har yau RDPC ba ta aiwatar da shi ba. Tashar Garwa kuwa, wadda a da jirage ke ɗaukar auduga daga cikinta su bi Binuwai, je ka duba da idonka, rairayi ya cinye ta.

Abin da za mu kai majalisa shi ne kotun binciken kuɗi mai cin gashin kanta, wadda ba ta jiran izinin fada. Duk bashin da za a yafe wa wani a tashoshin Duwala da Kribi, a karanta sunansa da adadin a gaban 'yan majalisa, a kuma watsa a rediyo da Hausa da Fulatanci.

Idan ɗan takararsu ya zo da gishiri da atamfa, ka tambaye shi lissafin Camship a gaban jama'a. Ka adana katin zaɓenka, ranar zaɓe ka fito da wuri, kuma kar ka bar rumfa sai an ƙirga ƙuri'a a gabanka.