Ɗaliban Injiniya Da Yaran Da Ke Jiran Kayan Karatu

Kowace shekara idan lokacin kammala karatu ya gabato, ɗaliban injiniya a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha sukan ƙera wani abu su nuna wa malamansu domin a ba su maki. Wannan ya haɗa injin surfen masara, wancan ya haɗa fitila mai aiki da hasken rana. Ranar da aka duba aikin aka tafa, shi ke nan, sai a kai shi ɗakin ajiya ƙura ta gaje shi. A cikin garin nan ɗaya kuwa, akwai yaro makaho da ake koya masa labarin ƙasa da baki kawai don babu taswirar da zai shafa da yatsa, akwai kuma yarinya gurguwa da ta bar makaranta saboda bencin ajinsu bai dace da jikinta ba. Abin da muke so mu duba yau shi ne yadda za a haɗa waɗannan biyu, mai neman abin da zai ƙera da mai jiran abin da za a ƙera masa.

Ƙarancin irin waɗannan kaya ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da UNICEF sun fitar da rahoto cewa mutane sama da biliyan 2.5 suna bukatar wani abin taimako, kamar keken guragu ko na'urar ƙara ji ko tabarau, amma kusan biliyan ɗaya daga cikinsu ba su samu ba. A wasu ƙasashe matalauta, mutum 3 ne kacal cikin 100 na masu bukata suke samu.

Akwai wata jami'a a Amurka da ta daɗe tana gwada wata dabara a kan wannan. Sunanta Purdue, tana jihar Indiyana. A shekarar 1995 malamai biyu na sashen injiniyan lantarki da kwamfuta, Leah Jamieson da Edward Coyle, suka buɗe wani shiri da ake kira EPICS, wanda ma'anarsa ita ce ayyukan injiniya domin hidimar jama'a. Sun fara da ɗalibai 40 a rukuni biyar. Kowane rukuni aka haɗa shi da wata makaranta ko ƙungiyar taimakon jama'a da ke kusa, aka ce su je su tambayi abin da ake bukata su ƙera shi kyauta. Daga cikin abin da suka yi har da kayan wasa masu aiki da lantarki domin yaran da hannuwansu ba su da ƙarfi, da kayan gwajin kimiyya na makarantun firamare, da kayan karatu na makarantar makafi ta jihar. A 2005 Cibiyar Injiniyoyi ta Ƙasar Amurka ta ba su lambar yabo ta Gordon tare da abokin aikinsu William Oakes, kuma jami'o'i da makarantun sakandare da yawa sun kwaikwayi shirin.

To, me ya sa nasu bai ƙare a ɗakin ajiya ba? A ganinmu dalilai uku ne. Na farko, makarantar ce take faɗin abin da take so tun kafin a ɗauki guduma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamar da ta shekara goma tana koyar da kurame ta fi kowane injiniya sanin inda yaro yake tuntuɓe a darasi. Saboda haka ɗalibai sukan zauna da malamai, su yi samfuri, su kai a gwada, a ce musu bai yi ba, su koma su gyara.

Na biyu, kuma shi ne babba, rukunin ba ya mutuwa. Ana haɗa ɗan aji ɗaya da ɗan ajin ƙarshe a rukuni guda, har da waɗanda ba injiniya suke karanta ba. Idan manya suka kammala suka tafi, ƙanana sun riga sun san aikin, sai su ci gaba, sababbi su shigo a bayansu. Ta haka makaranta takan yi shekaru tana hulɗa da rukuni ɗaya, kuma in na'ura ta lalace akwai wanda za a kira. Na uku, aikin darasi ne da ake ba da maki a kansa kowane zangon karatu, ƙarƙashin kulawar malami, don haka ɗalibi ba ya ajiye shi idan jarrabawa ta matso.

Idan muka dawo gida, za mu ga abin da ake bukata yawancinsa bai fi ƙarfin ɗalibanmu ba. Rubutun makafi, wanda Louis Braille na Faransa ya ƙirƙiro a 1824 yana ɗan shekara 15, ɗigo shida ne kawai ake jujjuyawa. Allon da ake huda takarda da shi da tsinkensa, da allon lissafi mai 'ya'yan da ake turawa da yatsa, da taswira mai tudu da kwari, da teburin da keken gurgu zai shiga ƙarƙashinsa, da fitilar da za ta haska wa kurame a maimakon ƙararrawa, duk ana iya yinsu da ƙarfe da katako da roba da ake samu a kasuwa. Har injin buga rubutun makafi na Perkins, wanda ake shigowa da shi da tsada, sau da yawa gyara da mai kawai yake nema. A Jos, cibiyar Beautiful Gate da Ayuba Gufwan ya jagoranta ta daɗe tana ƙera keken guragu da kayan keke na kasuwa, ta nuna cewa aikin mai yiwuwa ne a nan.

Makarantun da za a yi wa aikin ma ba baƙi ba ne gare mu. Makarantar makafi ta Gindiri, wadda mishan ta SUM ta buɗe a 1953, ita ce ta farko irinta a Nijeriya, kuma tana jiha ɗaya da Jami'ar Jos, inda ake horar da malaman naƙasassu. A Zariya da Kaduna da Bauci da Yola akwai manyan makarantun injiniya, kusa da su kuma akwai makarantun makafi da kurame.

Amma kada mu ruɗi kanmu, akwai haɗari. Keken da bai dace da jikin yaro ba yakan jawo masa gyambo a mazaunai, wayar lantarkin da ba a rufe da kyau ba tana iya kisa. Dole ƙwararre ya duba duk abin da za a ɗora yaro a kai. Sa'an nan yajin aiki yana katse irin wannan shiri. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe. Yaron da aka yi wa alkawari ba a cika ba ya fi wanda ba a ce masa komai ba baƙin ciki. Haka kuma aikin ɗalibai ba zai sauke wa gwamnati nauyinta ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024.

Saboda haka muna kira ga shugabannin sassan injiniya su ware wasu daga cikin ayyukan ɗalibai su ɗaura su da makaranta guda, a riƙe ta shekara da shekaru, tare da sa ƙananan ɗalibai a ciki tun da wuri. Ikilisiyoyi da ƙungiyoyin da ke da makarantu su rubuta jerin abin da yaransu suka rasa su kai, kada su jira a zo a tambaye su. Tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwa su ɗauki kuɗin ƙarfe da katako, wanda shi ne yakan gagari ɗalibi. Iyayen da ke da ɗa a ajin injiniya kuma, idan ya zo hutu, su tambaye shi wane ne zai yi amfani da abin da yake ƙerawa.