Sa'adu Zungur: Ɗan Jaridar da Ya Auna Sarakuna da Mudun Shehu



In dattawa suka baje tabarma a Ƙofar Taramniya bayan la'asar, hira ta gangara kan siyasar da, sunan Sardauna ne ke fara fitowa, sai Tafawa Ɓalewa, sai Malam Aminu Kano in akwai tsohon ɗan NEPU a majalisar. Da wuya ka ji an ambaci Malam Sa'adu Zungur. In ma an tuna shi, sai a ce ai wannan mai waƙar nan da ake karantawa a makaranta. To, waƙa kam ya yi, amma mutumin nan ɗan jarida ne kuma ɗan gwagwarmaya, wanda Malam Aminu da kansa ya ɗauka malaminsa a siyasa. Kuma mu Sakkwatawa muna da rabo a cikin labarinsa fiye da yadda muke zato.

Ɗan gidan malamai ne a Bauchi. Ya ƙoshi da Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci kafin boko ya kai shi Kwalejin Katsina. A 1934 ya shiga Babbar Kwalejin Yaba da ke Ikko, ɗan Arewa na farko da ya taka wannan matsayi. Bai kammala ba ya dawo, ya koyar da ma'aikatan tsabta a Kano da Zariya. A Zariyar ne ya fara tara matasa 'yan boko a ƙungiyar tattaunawa, abin da Turawan mulki da hukumar En'e ba su yi maraba da shi ba. Ciwon ƙirji ya mayar da shi gida, ciwon da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

A Bauchi ya haɗu da wani matashin malamin Midil, Aminu Kano. A 1943 aka kafa zauren muhawara na garin, har da Abubakar Tafawa Ɓalewa a ciki, da yardar Turawa, don suna ganin gara samari su yi surutunsu a gaban idonsu. Ba a daɗe ba tambayoyi suka fi ƙarfin masu amsawa. Da aka kai ga tambayar yadda ake yanka wa sarki albashi, sai aka rufe zauren.

Nan aikin jarida ya shigo. A lokacin, jaridar da Arewa ke da ita, Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ta gwamnati ce, akwai iyakar da ba ta tsallakewa. Sai Sa'adu ya zama wakilin West African Pilot, jaridar da Nnamdi Azikiwe ya kafa a Ikko a 1937. Ku yi tunanin abin da wannan ke nufi a zamanin da talaka ke cire takalmi ya faɗi in ya hango hakimi: a ce abin da En'e ta yi a Bauchi, a karanta shi a Ikko cikin 'yan kwanaki. Ba shi da wata kariya. Masu mulki sun san gidansu, sun san iyayensa.

Abokan hamayya sun sha jifan 'yan sawaba, wato 'yan NEPU, da cewa ra'ayinsu baƙo ne, daga Kudu ko daga ƙasashen gurguzu aka kwaso shi. A kan Sa'adu dai wannan zargi bai zauna ba. Hujjojinsa daga littattafan shugabannin jihadi ya samo yawancinsu. Duk wanda ya karanta Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ya san yadda Mujaddadi ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa, har da jangali da kuɗin gari da karɓar gaisuwa. Duk wanda ya san tarihin Malam Abdullahin Gwandu ya san ya taɓa barin rundunar jihadi don ɓacin rai da son duniyar da ya fara gani, ya nufi gabas, ya tsaya Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da adalci. Sa'adu ya ɗauko wannan mudu ne ya auna magada da shi, ya ce bai cika ba. Abin da ya sa maganarsa ta yi zafi ke nan: ana iya korar ɗan boko da cewa bai san addini ba, amma yaya za a yi da wanda zai buɗe maka littafin kakanka?

Kada kuma a mai da shi abin da ba shi ba ne. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, ya zauna Ikko, ya dawo da sanyin gwiwa game da yadda 'yan siyasar Kudu ke kallon Arewa. Shahararriyar waƙarsa, Arewa Jamhuriya ko Mulukiya, ba kiran a rushe sarauta ba ce. Gargaɗi ce ga sarakuna su gyara, su rungumi ilmi da shawara, tun kafin guguwa ta tafi da su da ƙasar baki ɗaya. Wasu abokan tafiyarsa sun ga ya yi sassauci, har Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da tasa waƙar, Arewa Jamhuriya Kawai. A ganina wannan saɓani abin sha'awa ne: mutanen tafiya ɗaya suna musu a bainar jama'a, da hujja da ƙafiya, ba wanda ya yi hayar 'yan banga.

NEPU ta kafu a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. A shekarar ne Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa a Maru, cikin Lardin Sakkwato na wancan lokaci, ya shiga siyasa gadan-gadan. Jam'iyyar ba ta taɓa yin ƙarfi a birnin Sakkwato ba, kowa ya san dalili. Shi kuwa Sa'adu, jiki ya riga ya gaza, sai ya zama mai ba da shawara da alƙalami daga gadon jinya. Ya rasu a watan Janairu na 1958, bai cika shekara 45 ba, bai kuma ga 'yancin da ya yi wa wahala ba.

An karrama sunansa daga baya. Ginin kamfanin jaridar Triumph a Kano, Gidan Sa'adu Zungur ake ce masa, jami'ar jihar Bauchi ma yanzu sunansa take amsawa. Malam Aminu ya rubuta tarihinsa da Hausa, Ɗandatti Abdulƙadir ya tattara waƙoƙinsa a 1974, A. M. Yakubu kuma ya tattara rubuce-rubucensa na siyasa a 1999. Sai dai yawancin wasiƙunsa da maƙalunsa da Turanci suke, talakan da aka rubuta su dominsa bai taɓa jin su ba. Muna da sashen harsunan Nijeriya da na tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da gidajen rediyo a garin nan. A juya rubutun nan zuwa Hausa, a riƙa karanta shi a iska kashi-kashi, a gayyato malaman zaure su gwada shi da littattafan Shehu da Abdullahi da Bello, su faɗa mana inda ya dace da inda ya zarce.