Ba Kowace Sabuntawa Ce Za A Tura Wa Kowa Ba

Ka taɓa sabunta manhaja a wayarka, data ta ƙare, manhajar kuma ta fara tsayawa? Ni ma na taɓa jawo wa mutane haka. Lokacin da na fara rubuta manhaja, duk ƙaramin gyara sai na tura shi a ranar, ina ganin ƙwazo ne.

Abin da ya faru a Maris 2024 ne ya sauya min tunani. Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya gano an dasa ƙofar sirri a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Gubar tana cikin siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Ta shiga sigogin gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta kai ga masu tabbatacciyar Debian ba, domin suna kan tsohuwar siga. Jinkirin da ake yi musu dariya a kai shi ya cece su.

Ba ina cewa a zauna shekara ba a taɓa komai ba. Gyaran tsaro bai kamata ya kwana ba. Sabon fasali ne zai jira.

Tsarin Ubuntu ya fi kwanta min: sabuwar siga duk wata shida, a Afrilu da Oktoba, ga masu son ɗanɗano, sai LTS duk shekara biyu, mai tallafin shekara biyar. Mai shagon buga takardu da ke cin abinci da kwamfutarsa ya ɗauki LTS. Mu masu ƙaiƙayin hannu mu yi gwajin, idan ta fashe mu kai rahoto.