A Share Turba Daga Angwan Iya Zuwa Dutsen Maloney

Mutanen Keffi mazauna Agege da Sabo ta Ibadan suna aiko da kuɗi gida ana gina shaguna. Madalla. Amma gini yana cinye turbobin da magabata suka taka.

A Keffi ne Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloney a 1902, ya nufi Kano, Turawa kuwa suka fake da wannan suka ci Kano a 1903. To, yaron da aka haifa a Ikko, in ya zo hutu, ina zai bi ya ga inda aka yi abin?

Lalle ne ƙaramar hukuma ta share turbar ƙafa daga Angwan Iya, ta ƙofar fada, har Dutsen Maloney, ta hana gini a kanta. Kuɗin dasa itatuwan inuwa kuwa, ƙungiyoyin 'yan Keffi na Kudu su ɗauka.