Ɗan Zariya a kan ƙanƙara, da tsanin da 'yan kokowar Ƙonni ba su da shi

A ranar 7 ga Yuli, 1975, aka haifi Rumun Ndur a Zariya. A wannan shekarar ce kuma aka yi gasar takobin kokowa ta farko ta Nijar a garin Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Tun Ndur yana ƙarami iyayensa suka koma Kanada, ya tashi a Hearst, wani ɗan gari na masu aikin katako a arewacin lardin Ontariyo, mai mutane wajen dubu biyar, akasarinsu masu jin Faransanci. Sanyin can yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, ruwa ya daskare wata da watanni, kuma wasan da yaro yake buɗe ido ya tarar shi ne ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. Yana ɗan shekara 21 ya zama haifaffen Najeriya na farko da ya buga a NHL, gasar da babu kamarta a wannan wasa a duniya.

Mutumin Ƙonni ko Malbaza ko Illela, wanda a watan Afrilu ƙanƙararsa ba ta wuce ta cikin kular mai sayar da ruwan sanyi, zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Akwai ruwansa, domin rayuwar wannan ɗan wasa tana nuna yadda ake mai da ƙarfin yaro sana'a, kuma abin da ƙasar Ƙonni da Adar suke da shi jibge ke nan: samari masu ƙarfi da zuciya.

Wasan kansa ba shi da wuyar fahimta. Fili ne na daskararren ruwa mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26, an kewaye shi da katanga. Kowane ɓangare mutum shida ne: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Suna sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a tafinsa, da shi suke sulɓi, suna korar wani ɗan faifan roba baƙi da bai wuce giram 170 ba. Zango uku ake yi, kowane minti 20. Ndur ɗan baya ne, kuma aikin ɗan baya shi ne mafi ƙarancin yabo. Da baya-da-baya yake sulɓi, idonsa a ƙirjin mai kawo hari, yana matse shi sannu-sannu har ya manna shi da katanga. Idan abokin hamayya ya ɗaga gora zai narko faifan, wanda gudunsa kan haura kilomita 150 a awa, ɗan baya ne yake miƙa ƙwauri ko cinya ya tare. In an ci raga a tuna da shi, in an hana ci kuma mai tsaron raga ake tafa wa.

Abin lura shi ne hanyar da ya bi. A 1992, yana shekara 17, ya shiga ƙungiyar Guelph Storm ta gasar matasan Ontariyo, inda 'yan shekara 16 zuwa 20 suke fafatawa. A wannan gasa yaron da ya baro garinsu ba a sake shi ya kama ɗaki: ana ba shi gidan da zai zauna a hannun wani magidanci, ya ci abincin gidan, wanda bai gama sakandare ba ya ci gaba da zuwa makaranta. Kowane wasa da ya buga a rubuce yake, kuma masu farautar 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi suna zaune cikin 'yan kallo da littafinsu. A 1994 ƙungiyar Buffalo Sabres ta zaɓe shi a zagaye na uku, shi ne na 69 a jerin matasan da aka ɗauka a shekarar. Ba ta jefa shi babbar gasa nan take ba. Ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta, Rochester Americans, inda a shekararsa ta farko, 1996, suka ci kofin Calder. Daga nan ne ƙofar NHL ta buɗe masa.

Bai zama tauraro ba, kuma nan ne darasin yake. Tsakanin Buffalo da New York Rangers da Atlanta Thrashers, wasa 69 kacal ya buga a NHL, ya ci ƙwallo 2, ya ba da 3 aka ci, ya shafe minti 137 a bencin horo, saboda yana cikin waɗanda ake turawa idan wasa ya yi zafi har an kai ga naushi. Wannan ɓangaren ba abin sha'awa ba ne, kuma Kanada kanta ta daɗe tana muhawara a kan lahanin da dukan kai yake bar wa irin waɗannan 'yan wasa. A New York ya yi ɗakin sauya kaya ɗaya da Wayne Gretzky, gwanin gwanayen wasan, a shekarar da Gretzky ya yi ritaya, 1999. Da NHL ta rufe masa ƙofa bai koma zaman kashe wando ba. Akwai ƙananan gasanni a Amurka, akwai na Turai, har ya kai Ingila ya buga wa Coventry Blaze da Nottingham Panthers. Fiye da shekara goma yana cin abinci da wasan nan, alhali ko a Kanada ba kowa ya san sunansa ba.

To a dubi ɗan kokowar da ya taso a wani ƙauye na Dogerawa ko Tsarnawa ko Tajaye. Bayan an kai gero rumbu, makaɗa suna buga ganga a dandali, yara su fara, matasa su biyo, a ƙarshe manya su fito da guraye a damtse da layu a ƙugu, kowa na kirari. Dattawan da suka yi zamaninsu suna gefe, kuma da ganin yadda yaro ya kafa ƙafa ya sunkuya sun san ko za a yi abin kirki da shi. Idon gane gwani dai akwai shi, bai gaza na mutanen Buffalo ba. Jihar Tawa ce ta ba ƙasa Kadade, kuma har gobe ana shakkar 'yan kokowarta a fage.

Sai dai daga dandalin ƙauye zuwa takobi, tsanin matakinsa kaɗan ne, kuma sau ɗaya ake kafa shi a shekara. Ana zaɓe a gundumomi, a tace a jiha, a fitar da mutum goma. Jihohi takwas, 'yan kokowa 80, kwanaki kamar goma, ƙasa duka ta kasa kunne a rediyo da talabijin. Wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da miliyoyin sefa. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauka har sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023, kuma ya cancanci duk abin da ya samu. Amma na goma sha biyar a jihar Tawa fa, wanda bai shiga cikin goman ba? Da wanda aka kayar a ranar farko? Wannan shi ne Rumun Ndur na kokowa: ƙwararre ne, ba sarki ba. A Ontariyo irinsa yana da albashi. A nan abin da yake jiransa shi ne motar ci-rani zuwa Abijan ko Legas ko Libiya, kuma shekarun da ƙarfinsa ya kai ƙarfi a wurin dako ko turin baro za su ƙare.

Ba kokowa kaɗai abin ya shafa ba. Lambobin Olamfik biyu Nijar take da su: tagullar Isaka Dabore a dambe a Munich a 1972, da azurfar Abdul Razak Isufu Alfaga a takwando a Rio a 2016. Shekara 44 tsakani, kuma Alfaga a Jamus ya samu horon da ya kai shi can.

Za a ce Kanada ƙasar masu kuɗi ce. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a gina filin ƙanƙara a Badagishiri. Amma ginshiƙan tsarin da ya ɗaga Ndur ba kuɗi ne tushensu ba: rajista, jadawali, masauki, makaranta. Gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela maƙwabtan juna ne, kwalta ta haɗa su, daga Galmi a bi Malbaza zuwa Ƙonni, a Tsarnawa kuma a karkata a nufi Badagishiri. Babu abin da zai hana su kafa gasar rani ta haɗin gwiwa, daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, kowane mako a gari guda ranar kasuwarsa, lokacin da jama'a suka riga suka taru. A raba yara bisa shekaru da nauyi, kada a haɗa ɗan shekara goma sha biyar da ƙato a karya shi tun bai nuna ba. A rubuta kowace karawa a littafi, wa ya kama da wa, wa ya kai wa ƙasa, yadda mai zaɓen 'yan jiha zai dubi aikin watanni, ba na yamma ɗaya ba. Batun masauki kuwa Bahaushe ba ya bukatar a koya masa, don fatake da almajirai sun daɗe suna sauka a gidajen mutane.

Kuɗin gasar ma ba sai an jira Yamai ba. Albasar Galmi tana fita buhu-buhu zuwa Gana da Kwaddebuwa. Masana'antar siminti tana Malbaza tun shekarun 1960. Ƙonni na da fadamar noman rani mai fiye da hekta dubu biyu, ga cinikin kan iyaka da Illelar Sakkwato. Attajiran nan dama suna yin kari a fage, su liƙa wa gwaninsu kuɗi a goshi idan ya yi kaye, jama'a su yi shewa. Kyautar tana da daɗin gani, sai dai kullum wanda ya riga ya ci ne take samu. Da kowace ƙungiyar 'yan kasuwa za ta ɗauki nauyin 'yan kokowar gari guda na tsawon rani, ta biya kuɗin mota da na abinci da ɗan alawus na mako har ga wanda ya sha ƙasa, da an samu abin da zai riƙe matashi a gida.

Wasu dattawa suna tsoron kada tsari irin wannan ya kashe armashin abin, kokowa ta koma aikin takarda. Tsoronsu yana da tushe, kuma amsarsa ita ce a sa su a gaba: tsofaffin 'yan kokowa su ne alƙalai da masu horarwa, a biya su, makaɗa da masu kirari su ma a sa su cikin lissafi. Sharuɗɗa biyu ne kawai bai kamata a sassauta ba. Duk yaron da bai kai shekara 18 ba sai ya nuna yana zuwa makaranta, ta boko ko ta allo, ko yana koyon sana'a a hannun wani. Kuma kada a buga ganga sai da ma'aikacin lafiya a bakin fage, wanda yake da ikon hana wanda ya faɗi ta ka komawa ciki a ranar, ko da ubangidansa ya yi rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau.

Hukumomin Ƙonni da Malbaza da Illela, da sarakunan gargajiya da reshen hukumar kokowa na jiha, su ne za su zauna su fitar da jadawalin, kuma lokacin zaman shi ne tun gero yana gona, kafin samari su sayi tikitin tafiya.