Na'urar Kwaikwayo Ba Ta Jin Zafi

Akwatin da ke rarraba intanet a ofis, da talabijin na zamani, da allon gaban mota, kowannensu yana ɗauke da ƙaramar kwamfuta da aka ƙera domin aiki ƙayyadadde. Da yawansu da Linux suke aiki, sai dai wanda aka rage wa kaya har ya dace da ɗan gurbin da ke cikinsu. Injiniya ne ke harhaɗa shi a ƙunshi guda: manhajar tayar da na'ura irin U-Boot, da ƙwayar Linux, da fayilolin aiki, da taswirar da ke gaya wa ƙwayar inda kowane ɓangare na allon lantarkin yake. Domin wannan harhaɗawa ake amfani da Buildroot, ko Yocto da gidauniyar Linux ta ƙaddamar a 2010.

Kafin allon ya zo hannu, ana iya gwada ƙunshin a kan QEMU, manhajar da Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003. Tana sa kwamfutar tebur ta kwaikwayi firosesa irin ARM ko RISC-V, har ƙunshin ya tashi tamkar a kan na'urar gaske. Amfanin wannan a bayyane yake. Ɗalibi a Zariya ko Maraɗi zai koyi sana'ar ba tare da jiran a yi masa odar allo daga ƙasar waje ba, kuma in ya yi kuskure babu abin da ya ƙone. Kamfani kuwa zai iya maimaita gwaji duk lokacin da aka sauya layi ɗaya. Ya kamata duk mai koyar da wannan fanni ya fara daga nan.

Amma kama da wane ba ta wane. Na'urar kwaikwayo abin da aka rubuta mata kaɗai ta sani. Ba ta jin zafin watan Afrilu, ma'ajiyar bayananta ba ta gajiya da yawan rubutu, kuma ba ta nuna abin da ke faruwa idan ƙarfin wuta ya ragu ko aka ɗauke ta ana tsakiyar adana fayil. A irin waɗannan wurare ne na'urori ke mutuwa a hannun masu saye.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana. A Disamba 2019 kumbon Starliner na Boeing, wanda ba kowa a cikinsa, ya kasa isa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa saboda agogonsa ya kauce da sa'o'i 11. Yana can sama aka gano kuskure na biyu a manhajar da ke sarrafa injinan tura shi, aka gyara kafin ya sauko. Daga baya kamfanin ya amsa cewa kwaikwayon da aka yi gwajin da shi bai dace da ainihin tsarin injinan ba.

Saboda haka kalmar "an gwada" ba ta isa hujja ba. Hukuma ko kamfanin da zai sayi na'urori dubbai yana da haƙƙin tambayar a kan me aka gwada, har tsawon wane lokaci, kuma sau nawa aka zare wuta da gangan aka ga na'urar ta sake tashi lafiya. Mai sayarwar da ya kasa amsa waɗannan bai gama aikinsa ba.